Maganaɗisun Ila Mai Naɗi

Gure, 6 ga Oktoba 2024

Zuwa ga ɗiyata Safiya, a Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, an fara yankan hatsi. Matata Hadiza tana gaishe ki. Kakarki Ya Kaka tana nan da ƙarfinta, ido ne kawai ya rage.

Rabona da ke tun ranar bikinki, saboda haka bari in tuna miki wanda yake rubuto miki. Na bar lakwal a katriyem, aji uku na sakandare, ba don kai ya gaza ba, don mahaifina ya rasu. Ba wanda ya koya mini naɗin waya. Injin ban ruwa ƙonanne na tsinta, na warware shi, na ƙirga zagayen wayar ɗaya bayan ɗaya, na mayar, ya tashi. Yau duk mai lambu a kwarin ƙasar nan, daga Kelle har Bune, in injinsa ya ƙone wajena yake kawowa. Atelye, shagon aikina, da hannuna na gina shi. Na aurar da ƙanne biyu. Ƙofar ƙarfe ta masallacin Juma'ar unguwarmu ni na ƙera ta. Ko keken da nake yawo a kansa yanzu ni na haɗa shi da ƙafafun tsohon moto, wato babur. Ban taɓa zuwa ƙofar wani da buƙata ba. Ya Kaka da mahaifiyata cikinsu ɗaya, wannan ne kawai ya sa na ga zan iya zuwa taki.

Kin ji labarin faɗuwata daga kan tankin ruwa a Bune shekara uku da suka wuce. Ƙashin baya ya karye, lakar ta taɓu, aka sa mini kusoshi a Damagaram. Ina iya taka ƙafa kaɗan da sanduna biyu. Wannan kowa ya sani. Abin da ba wanda ya sani sai Hadiza shi ne fitsari. Ina sa sondi, siririn tiyon nan, sau huɗu a yini kamar yadda likita ya ce, amma tsakanin wannan da wancan sai mafitsara ta matse da kanta ba sallama. In na yi awa ɗaya a bushe, ranar na yi sa'a. Na rage shan ruwa, bai hana ba.

Shekara uku ban shiga masallacin Juma'a ba. Mutane sun ɗauka matakala ce ta hana ni. Matakala uku ce, ni na zuba simintinta.

Na taɓa tambayar liman, Malam Aisami. Na ce wani mutumin Kelle ne ya aiko ni da tambaya. Ya ce, "Ka gaya wa mutumin Kelle mai irin wannan lalura uzuri gare shi, ya yi ƙunzugu ya zo ya yi sallarsa." Na san hukuncin tun kafin ya faɗa. Hukunci ba ya hana jiƙewar tabarma, ba ya hana na kusa da kai ya kau da hanci.

Ya Kaka ta ce da ta je Yamai duba ido kin nuna mata wata na'ura a wurin aikinku, mai aiki da maganaɗisu, da kuke ɗora wa masu ciwon laka a ƙugu. Ita bayaninta duk a hargitse yake. Ke kine ce, kin yi karatun gyaran jiki, ki faɗa mini gaskiyar abin. Awa uku nake nema, ba fiye ba: in fita gida, in ji huɗuba, in yi salla, in gaisa da mutane, in dawo.

Kada ki kira ni a salula a kan wannan. Salulata a kan tebur take a atelye, kowa ɗauka yake. Ki ba Ɗan Kasuwa direba amsa a ambulan liƙaƙƙe, yana tsayawa a tasha duk zuwansa.

Kawunki,
Ila Mai Naɗi

*

Yamai, 15 ga Oktoba 2024

Kawu,

Ina gaishe ka da gaisuwar girma, da Inna Hadiza. Mu duka lafiya. Na karanta takardarka sau biyu, na adana ta inda ba mai gani.

Na'urar tana nan. Aro aka ba mu zuwa ƙarshen Janairu, don a gwada ta a kan mutum ashirin. Zan faɗa maka yadda likitarmu take faɗa wa kowa: gwaji ne, ba warkarwa ba. Wasu sun samu sauƙi, wasu ba su ga komai ba, kuma ba mu san tsawon lokacin da sauƙin yake ɗauka ba. Sondi ba za ka rabu da shi ba.

Jijiyoyin da suke riƙe da mafitsara daga ƙasan ƙashin baya suke fitowa, wajen ƙugu. A nan muke ɗora na'urar, minti ashirin kullum, kwana biyar a sati, sati huɗu. Ba allura, ba yanka. Kada ka ji tsoronta, Kawu. Kai da ka san naɗi, waya ce kawai aka naɗe kamar faifai, kuran, wato wutar lantarki, ya bi ta cikinta da ƙarfi na ƙiftawar ido, ya yanke, ya sake. Maganaɗisun da yake tashi shi yake ratsa fata ya taɓa jijiyar.

Na yi wa likita magana, ta ajiye maka wuri a rukunin ƙarshe, wanda zai fara ran 6 ga Janairu. Abu uku take so: hoton rediyo, wato hoton ƙashi, na kusoshin bayanka don ta ga nisansu da inda za a ɗora, fatar ƙugu lafiyayya ba miki, da rubutu na kwana uku, abin da ka sha da abin da ka fitar da lokacin da ya zubo. Don Allah ka koma shan ruwa. Rage shi da kake yi a zafin Gure ƙoda yake ci.

Ɗaki yana nan a gidanmu, kai da Inna Hadiza.

Ɗiyarka,
Safiya

*

Gure, 27 ga Oktoba 2024

Ɗiyata Safiya,

Saƙonki ya iso, na gode. Muna lafiya. Hadiza ta yi ɗan zazzaɓi, ta warware. Ruwa na koma sha, tun da kin ce.

Wato duk wannan abin da ake ɗaga wa murya, bobin ne, naɗaɗɗiyar waya. Safiya, shekara talatin ina naɗa bobin. Na yi dariya ni kaɗai da na kai wannan layin.

Na san maganaɗisun lasifika ba zai yi ba, don shi a tsaye yake, ba ya bugawa. Kin ce ya zo ya yanke, ya sake. Na samu wayar tagulla mai kauri, na naɗe ta faifai daidai faɗin tafin hannu biyu, na haɗa da batir biyu na kamyo, babbar motar kaya, da kondansatar injin ban ruwa, na yi masa makunni mai yankewa. Na gwada a kan ƙusa, ƙusa ta yi tsalle ta bugi kwano. Da kin gani.

Yau kwana huɗu ke nan ina sa shi a ɗakin bayan atelye bayan azahar, in na rufe ƙofa. Na ɗinke shi a cikin tsumma, in jingina da shi, minti ashirin kamar yadda kika ce. Jiya na ƙara goma. Wayar tana ɗan ɗumi a hannu, amma a baya ba na jin komai, ko kaɗan ba ya damuna. Ina ganin kamar jiya na yi awa da rabi a bushe, sai dai ban tabbatar ba.

Ki gode wa likitarku, ki ce ta ba wani wurin. Akwai waɗanda ba su da sana'a, su suka fi ni buƙata. In nawa ya yi, zan ƙera muku ɗaya ku ajiye, tun da naku na aro ne.

Ila

*

Yamai, 16 ga Nuwamba 2024

Kawu,

Ina gaisuwa. Ka gafarce ni, na saɓa maganarka na kira, amma Inna Hadiza na kira, ba kai ba, kuma ka riga ka san abin da ya biyo baya.

Takardarka kwana goma sha tara ta yi a hanya. Motar Ɗan Kasuwa ta lalace, ya zauna jiran kayan gyara a Damagaram, ambulan yana aljihun mota. Jiya ya miƙo mini. A tsaye na karanta, da na kai inda ka ce ba ka jin komai a baya, ban ƙarasa ba na ɗauki salula. Na ce mata, "Inna, je ki ɗaga masa riga yanzu, ko zai yi faɗa." Na ji ka ta cikin salula kana cewa, "Ke Hadiza, lafiyarki? Ina cin abinci!" Sai na ji ta yi salati.

Ta ce ƙunar ta kai faɗin murfin kwano, tsakiyarta ta yi fari. Ta ce ta ga tabo a rigunanka tun satin da ya wuce, ka ce mata man inji ne.

Kawu, ba ka jin komai ne don wurin ba ya ji tun faɗuwarka. Hannunka ya gaya maka gaskiya, bayanka ba zai iya ba. Na'urarmu tana da abin auna zafi, tana kashe kanta in ta ɗumama, kuma bugunta ya fi ƙiftawar ido gajarta sau ɗaruruwa, shi ya sa yake kai wa jijiya. Naka kuran yana daɗewa a cikin wayar, zafi kawai yake bayarwa. Laifina ne da na ce waya ce kawai. Na faɗa don hankalinka ya kwanta, na manta da wanda nake magana.

Ban gaya wa likita ta ba wani wurinka ba. Na nuna mata hoton rediyon da Inna ta turo, ta ce kusoshin suna can sama, ba za su hana ba. Amma ƙunar daidai inda za a ɗora na'urar take. In ba ta rufe ba ran 6 ga Janairu, ba za ta taɓa ka ba, kuma ba wani rukuni bayan wannan. Sati bakwai ke nan. Majo, malamin jinya na asibitinku, ya riƙa zuwa wankin miki kullum. Ba zama a keke, ba kwanciyar rigingine, rub da ciki ko gefe kawai. Ka ci nama da ƙwai da wake.

Na roƙe ka, ka ba Inna Hadiza bobin ɗin.

Safiya

*

Gure, 22 ga Disamba 2024

Safiya,

Muna lafiya, sanyi ya shigo. A kife nake rubuta miki, kan tabarma, shi ya sa rubutun ya karkace. Sati biyar ke nan ina kallon ƙasa. Na san kowace tururuwa ta gidan nan.

Ban ba ki amsa da wuri ba don na yi fushi. Na fara da ke, na koma kan Hadiza, na koma kan Ɗan Kasuwa da motarsa, daga baya na rasa wanda ya rage. Ina so ki sani naɗin ba shi da laifi, na sake duba shi kafin Hadiza ta kulle shi a akwatinta. Kuskuren a gwaji yake. Ni da nake hana mutane taɓa inji da safar hannu don su ji zafinsa, na auna zafi da wurin da ba ya ji. Wannan nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Majo ya ce mikin ya koma kamar bakin kofin shayi, yana cikowa daga gefe. Ya ce in ban yi wauta ba zai rufe kafin sabuwar shekara. Hadiza ta ce masa, "To sai dai ka kwana nan kana gadinsa."

Akwai abin da ban rubuta ba a waccan takarda. Ba don na raina na'urarku na ƙera tawa ba, ko in ce ba shi kaɗai ba. Hanya ce. Kwana biyu a cikin kar, babbar motar fasinja, daga Gure zuwa Yamai, mutum saba'in, direba yana tsayawa inda ya ga dama. Ina zan sa sondi? Wa zai zauna kusa da ni? Na gwammace in naɗa waya.

Malam Aisami ya zo dubiya ran Laraba. Ya zauna ya sha shayi, ya yi addu'a, da zai tashi yana neman takalmi sai ya ce, "Af, yaya mutumin Kelle? Shekara uku ina duba sahu ban gan shi ba." Na ce yana nan. Ya ce, "Ka ce masa wurinsa kusa da ginshiƙi na biyu har yanzu ba wanda ya gaje shi." Nan nake zama tun ina saurayi.

Washegari na aika aka kira Ɗan Kasuwa. Ƙaramar motarsa wuri tara ce. Na sa aka rufe ƙofa, na gaya masa komai, baki da baki, na ce ina so ya tsaya duk awa biyu inda ba mutane, ya ba ni kujerar baya in kwanta a gefe. Ina jira in ga fuskarsa ta canza. Sai ya ce, "Haba Ila, wannan ne ka sa ni yawo da ambulan kamar mai kai takardar soja? Tsohona shekara shida ina wanke masa wando. Ka tanadi leda da buta, saura nawa ne."

Za mu taso ran 3 ga wata in majo ya yarda. Rubutun kwana uku na yi shi, da kofin awo, ban ƙara ban rage ba. Ba shi da kyan gani.

Kawunki,
Ila

*

Gure, 16 ga Fabrairu 2025

Ɗiyata Safiya,

Mun iso lafiya tun farkon wata, gajiya ta saki. Hadiza tana gaishe ki, tana gode wa maigidanki da ya bar mana ɗakinsa wata guda. Ya Kaka ta ce kin rame, in gaya miki. Ni ban gani ba, amma na isar.

Ga labarin da kika ce in aiko. Sondi sau huɗu yana nan. Ruwa ina sha. A cikin kwana goma sha huɗu da na rubuta, kwana tara na wuce awa uku a bushe, kwana uku awa biyu, kwana biyu kamar da. Na san likita ta ce yana iya komawa bayan wata biyu ko uku. Na ji, ban manta ba. In ya koma zan rubuto in ce ya koma.

Shekaranjiya Juma'a na sa sondi da ƙarfe ɗaya saura kwata, na yi ƙunzugu duk da haka, na sa farar riga. Hadiza ta ce in sa mai duhu. Na ce fara. Na bar keke a bakin ƙofa na hau matakala uku da sanduna. Ƙofar da na ƙera tana kuka, shekara uku ba wanda ya ɗiga mata mai. Na zauna a kujerar roba jikin ginshiƙi na biyu. Huɗuba ta yi tsawo, ko kuma ni na ga haka. Rabinta ban ji ba, hankalina yana ƙasa. Aka yi salla, aka sallame, na shafa. A bushe.

Malam Aisami ya ratso mutane ya kama hannuna, ya ce a hankali, "Mutumin Kelle ya samu sauƙi ke nan." Na ce, "Malam, ba ɗan Kelle ba ne. Ɗan Gure ne, sunansa Ila, ciwon fitsari gare shi tun da ya faɗo." Ban rage murya ba. Na kusa da mu sun ji. Kafin in kai ƙofa wani mai lambu ya biyo ni, ya ce ƙanensa raƙumi ya kayar da shi bara, ba ya fita daga ɗaki, matarsa ce take shanya tabarma kullum. Na je na gan shi jiya. Ba wanda ya taɓa nuna masa sondi. Na ce su kai shi wajen majo gobe, ni zan raka su.

Yanzu maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Na karanta takardar sakamakon da kika ba ni ranar da za mu taso. Faransancina na katriyem ne, amma ya isa. An rubuta: mara lafiya na goma sha huɗu, namiji, shekara hamsin da biyu. A ƙasa kuma an rubuta cewa an yi amfani da mariƙin katako don tsayar da na'urar. An yi amfani. Kamar daga sama ya faɗo.

Ke shaida ce. Na ga hannunki yana rawa kina riƙe da abin nan minti ashirin a bayan mutum, yana zamewa daga wurin da aka yi alama. Na ce a kai ni wajen kafinta. Ni na zana, ni na ce ba ƙusa ko ɗaya, ba ƙarfe, sai turaku na itace, don na san abin da maganaɗisu yake yi da ƙarfe. Mutum biyar suka ƙarasa gwajin da shi. Likita da bakinta ta ce za ta aika hotonsa ga masu na'urar.

Na san kin bayyana mini cewa ana ɓoye suna don a rufa wa mara lafiya asiri, na kuma sa hannu a kan haka. Lokacin ina da asirin. Yanzu na faɗe shi a masallaci, ba abin da ya rage a rufa. Sauran mutum goma sha tara ku bar musu lambarsu, hakkinsu ne. Ni ki kai wa likita takardar nan ta zama sabon sa hannuna.

A rubuta mariƙin, a ce ni na yi. A rubuta ƙunar ma, da faɗinta, da yadda aka yi ta samu, don ƙasar nan cike take da masu naɗi, kuma ba ni kaɗai nake da kai irin wannan ba. Duka biyun a ƙarƙashin suna ɗaya. Kada a gajarta shi, kada a sa haruffa biyu da ɗigo: Iliyasu Zaharaddini, wanda aka sani da Ila Mai Naɗi, Gure.

In an gyara, ki aiko mini in gani da idona. Ki ba Ɗan Kasuwa. Ba sai kin liƙe ambulan ba.

Kawunki,
Ila